Kun Tambaya, Mun Amsa: Rigimar katakon wuyan jitar lantarki

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, katakon wuyan jita, sai ka ce haɗa baki kuka yi. Na tsamo guda shida, wasu na rage musu tsawo don akwai wanda ya rubuto min abin da ya kai shafi uku, tun daga ranar da ya fara taɓa jita ya faro labari. Allah ya bar zumunci, amma a dinga tausaya wa idona.

Tambaya: Salam Malam. Na daɗe ina tari don in ba wani mai haɗa jita ya yi min tawa ta kaina, maganar gangar jiki mun gama, sai ya ce wane katako nake so a wuya, mefil ko mahogani, ni kuwa na yi tsuru-tsuru don ban san me zan ce ba. Na shiga intanet kowa da abin da yake faɗa, kaina ya ƙara kullewa. Don Allah wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Kafin mu je ga wanne ya fi, ka fara sanin irin wahalar da wuyan nan yake sha. Wayoyi shida masu matsakaicin kauri, irin saitin 10 zuwa 46 (lambobin kaurin wayar da ta fi siranta da wadda ta fi kauri) da yawancin mutane ke sakawa, in an ɗaure su daidai suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 45 ko sama da haka kaɗan, dare da rana, kana kaɗawa ko tana jingine a bango. Kuma itacen da ke ɗauke da wannan jan kaurinsa bai wuce santimita 2 da ɗan wani abu ba a wajen firet na farko (firet su ne ƙananan ƙarafan da ke gicciye a fuskar wuyan, inda ake danne waya). To ka ga aikin wuya na farko shi ne ya tsaya a miƙe shekara da shekaru, na biyu ya yi wa hannunka daɗi, maganar sauti kuwa tana can baya, zan zo kanta a ƙasa don akwai wanda ya tambaya.

Mefil ɗin da ake nufi shi ne mai taurin nan na Arewacin Amurka, Kanada da gabashin Amurka, fari ne tas, ramukan jikinsa ƙanana ne sosai shi ya sa in an goge shi yake yin sumul kamar gilashi. A ma'aunin tauri da ake kira Janka yana da 1450, mahoganin Honduras kuma 900 ne, nauyi ma haka, kubik mita ɗaya na busasshen mefil ya kai wajen kilo 700, na mahogani bai cika 600 ba. Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin jita na Fender, da mefil ya fara tun 1950, guntun katako ɗaya ake fafe wuyan gaba ɗaya a dasa firet a kansa kai tsaye, a ɗaura shi a jikin jita da sukuru huɗu, tunaninsa shi ne in wuya ya lalace a kwance a sa wani, ba sai an yar da jitar ba. Baƙin layin nan da kake gani a bayan wuyan irin waɗannan jitoci ba don ado aka fara shi ba, ta nan aka fafe aka zura sandar ƙarfen da ke riƙe wuyan, wadda ake kira tiros rod, sannan aka toshe ramin da katakon walnot. Kuma abin dariya, jitocin Fender samfurin Esquire na farko-farko a 1950 babu wannan ƙarfen a cikinsu sam, an ɗauka taurin mefil kaɗai ya isa, sai ga wuyoyi suna lanƙwashewa, dole aka koma aka saka. Kamfanin jita na Gibson kuwa tun farkon shekarun 1920 suke da shi, ma'aikacinsu Thaddeus McHugh ne ya yi rajistar fasahar.

Mahogani shi ne na ɓangaren Gibson, jitarsu Les Paul ta 1952 da shi ta fito, wuyan manne da jiki da gam, ba sukuru. Katako ne mai sauƙin kai, yana bin wuƙa yadda kake so, ba shi da yawan motsi in yanayi ya canza, gaskiya ta wajen zama lafiya da danshi ya ma fi mefil natsuwa. Matsalarsa ɗaya ce kuma babba ce, kan jita. Salon Gibson shi ne a karkatar da kan baya da digiri 17, kuma daga katako ɗaya ake yanko wuya da kan, to a daidai wannan lanƙwasar jijiyar katakon gajeruwa ce, ta ratsa ne a karkace maimakon ta bi tsawo, ga shi kuma nan ne aka ƙwaƙule rami don notin tiros rod, wurin da ya fi ko'ina rauni shi aka ƙara rage wa nama. Na taɓa jingine wata jita mai irin wannan wuyan a jikin kujera na juya zan ɗauko waya, sai ji na yi ƙwas, ko faɗuwar kirki ba ta yi ba, zamewa kawai ta yi ta bugi ƙasa da ƙeya, na ɗago na ga kan yana lilo wayoyi ne kaɗai suka riƙe shi, karayar ta bi jijiyar kamar an tsaga rake. An manne ta kuma ta yi ƙarfi, amma har yau in na ga an jingine jita a kujera sai gabana ya faɗi.

Saboda haka in zuciyarka na kan mahogani ka ce wa mai haɗin ya yanke kan daban a karkace ya manna shi da gam, yadda jijiyar za ta bi tsawon kan, kuma ya rage kusurwar zuwa wajen digiri 13, ko ya bar ɗan tudu a bayan wurin don ƙarin nama. Wasu na raina mannen kai wai aikin jitoci masu araha ne, ni kam ko a jikina, ya fi ƙarfi kuma ba a ɓarnar katako. Sannan ka tambaye shi wane mahoganin yake nufi, don sunan ya zama rumfa kowa na fakewa, akwai na asali na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, akwai na Afirka da ake kira kaya wanda ɗan'uwan maɗaci ne, akwai safele, duk ana yin wuya da su kuma suna yi, amma ka san me ka saya.

In ka matsa min sai na zaɓa maka: wuya na sukuru, siriri, kuma kai mai yawo da jita ne, ɗauki mefil. Wuya na gam, mai ɗan kauri, kana son jita mara nauyi, ɗauki mahogani. Amma tambayar da ta fi wannan muhimmanci ba ka yi ta ba, shi ma mai haɗin bai yi maka ba: shi wannan guntun katakon da ke hannunsa ya bushe kuwa? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a harkar wuyan jita ɗanye ba ya jiran ka tanƙwara shi, da kansa yake yi bayan wata uku, lokacin kuɗinka sun riga sun tafi. Danshin cikin katakon ya kamata ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, akwai ɗan mita mai allura biyu da ake soka wa katako ya nuna, duk mai haɗa jita na gaske yana da shi, ka ce ya gwada a gabanka. Busasshen mefil na gama-gari mai miƙaƙƙiyar jijiya ya fi katako mai tsada da aka sare bara, nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam mai haɗa min jita ya ce akwai katako mai yankan tsaye da mai yankan kwance, wai na tsaye ya fi tsada. Ni dai na ga duk katako ne, ko dai wayo yake son yi min?

Amsa: Ba wayo ba ne, da gaske akwai. Ɗauki katakon ka kalli bakinsa, wato inda zarto ya yanke, za ka ga layuka, su ne zoben da bishiya ke ƙarawa duk shekara. In ka kwantar da katakon yadda allon yatsu, wato fuskar wuyan da firet ke kai, zai zauna a sama, layukan suka miƙe tsaye kamar haƙoran mataji, wannan shi ne yankan tsaye. In suka kwanta ko suka yi baka kamar murmushi, yankan kwance ke nan. Dalilin da ya sa ake damuwa shi ne katako ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe, ta bin zoben yana tsukewa kusan ninki biyu na yadda yake yi ta ratsa zoben, a mefil alal misali kusan kashi 10 ne da kusan kashi 5 daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau. Shi ya sa mai yankan tsaye faɗinsa bai cika motsi ba kuma ba ya saurin kwaɓewa. Tsadar kuma daga wajen yanka ne, gungume ɗaya ba ya ba da irin wannan da yawa.

Amma kar ka ɗauka yankan kwance shara ne, yawancin tsofaffin wuyoyin Fender da ake rububi a kansu yau yankan kwance ne kuma ga su nan sun haura shekara 60 a miƙe. Wanda zan ce ka guda shi ne wanda layukan suka fara a tsaye a wannan bakin, ka leƙa ɗaya bakin ka ga sun karkace, wannan bishiyar a murɗe ta girma kuma wuyan ma murɗewa zai yi. Lanƙwasa gaba ko baya tiros rod na gyarawa, ka danne waya a firet na farko da na ƙarshe ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 7 ko 8, in ta kai kamar rubu'in milimita lafiya lau, in ta wuce a ɗan juya notin rubu'in zagaye a lokaci guda ana dubawa. Murɗewa kuwa babu notin da zai taɓa ta, sai dai a cire firet a sake fere allon ko a yi sabon wuya.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai, a tsaga katako mai yankan kwance gida uku ko biyar, a juya kowane tsagi a tsaye, a jera su jijiyar wannan na adawa da ta wancan sannan a manne, in ɗaya ya so tafiya hagu ɗan'uwansa ya ja shi dama. Haka kamfanin Ibanez ke yi wa yawancin siraran wuyoyinsu da suke kira Wizard, mefil da walnot a jere, kuma wuyan da ya fara fitowa a 1987 kaurinsa milimita 17 ne kacal a firet na farko, ka ga irin wannan siranta dole a nemi dabara. Wasu ma har sandunan kabon suke binnewa gefe da gefen tiros rod. Kuma ko wane yanka aka zaɓa, mai haɗi mai haƙuri ba ya fere wuya rana ɗaya, zai rage katakon ya kusa siffa, ya ja layi da fensir a gefensa da rula, ya ajiye shi sati biyu ko uku, ya dawo ya rufe ido ɗaya ya hango shi daga baki zuwa baki kamar mai saita bindiga, in ya motsa a gyara tun akwai sauran nama. In naka ya ce zai gama maka wuya cikin kwana uku daga gungume, sauri ya haifi nawa fa.

Tambaya: Ina wuni Malam. Ni mace ce, ina kaɗa jita shekara huɗu yanzu, hannuna yana gumi sosai, in na yi minti ashirin sai bayan wuyan ya dinga kama min tafin hannu saboda folish ɗin. An ce min akwai gasasshen mefil da ba ya buƙatar fenti, gaskiya ne? Kuma wai gasa shi ake da wuta kamar yaya?

Amsa: Lafiya lau 'yar'uwa, kuma gaskiya aka faɗa miki. Ba a kan harshen wuta ake gasawa ba, tanda ce ta musamman da ake zuƙe iskar cikinta ko a cika ta da tururi don kar katakon ya kama da wuta, a kai zafin wajen digiri 180 zuwa 200 da 'yan kai, a bar shi sa'o'i. Fasahar a Finland aka bunƙasa ta a shekarun 1990 don katakon gini, daga baya masu jita suka ɗauka. Zafin yana farfasa sinadaran cikin katakon da ke shan ruwa, sai ya fito ruwan ƙasa-ƙasa har cikinsa, ya ɗan rage nauyi, kuma ya daina kumbura da tsukewa yadda ya saba. In ana goge shi da samfefa har wani ƙamshi yake kamar sukari ya soma ƙonewa. Mefil na yau da kullum dole a rufe shi da folish ko aƙalla mai, in ba haka ba gumi da datti su shige shi ya yi toka-toka kuma danshi ya dinga wasa da shi, gasasshen kuwa ana iya barinsa tsirara ko a shafa masa mai sama-sama, a hannu kamar alharini, irin naki hannun shi ya fi dacewa da shi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Gashin yana sa shi gautsi, musamman wanda aka gasa ya yi duhu sosai, in aka murɗa sukuru ba a fara huda rami daidai girmansa ba sai ki ji ƙas ya tsage, yawanci a wajen ƙananan sukurun kunnuwan ɗauri ko a dugadugin wuyan. Ki ce a ɗauki mai matsakaicin gashi, ba baƙi ƙirin ba.

In kuma kina son ki leƙa wani wajen, akwai wenge, baƙin katako mai ratsin ruwan ƙasa daga dazukan Kongo da Kamaru, shi ma ba ya buƙatar folish, ramukan jikinsa manya ne shi ya sa hannu mai gumi ba ya mannewa, kamfanin Warwick na Jamus ya daɗe yana yin wuyan bes, wato jitar nan mai kaurin murya, da shi. Ya fi mefil tauri, 1930 a Janka, amma yana da nauyi, wajen kilo 870 a kubik mita, in gangar jitar mara nauyi ce sai kan ya dinga rinjaya ƙasa duk sanda kika saki hannu, ki koma kina tallafe wuya maimakon kaɗawa. Ga shi da sartse, na taɓa shafa wani da ba a gama gogewa ba wata 'yar siririya ta shige min babban yatsa, na raina ta, kwana biyu wurin ya kumbura ya tara ruwa, sartsen wenge haka yake in ba a cire da wuri ba. Kuma bishiyar tana cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, wannan ma abin dubawa ne. Kafin duk wannan ma, gwada goge bayan wuyan jitar da kike da ita yanzu da samfefa mai laushi sosai, ƙyallin kawai za ki kashe, sau da yawa shi ke nan matsalar ta wuce.

Tambaya: Yallaɓai ina son a sa min rozwud a allon yatsu, sai wani abokina ya ce wai haramtacce ne, in na bi da jitar ta filin jirgi kwastan za su ƙwace. Da gaske ne ko tsorata ni yake?

Amsa: Abokinka ya ji ƙishin-ƙishin amma labarinsa ya tsufa. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, CITES, tun 1975 take aiki. Rozwud na Brazil, wanda shi ne a kan tsofaffin jitocin shekarun 1950, an sa shi a mataki mafi tsanani tun 1992, wannan kam ko ɗan guntu ne a jikin jita sai da takarda za ka tsallaka iyaka da shi, kuma ban ba ka shawarar ka nema ba. A watan Janairun 2017 sai aka jefa dukkan sauran dangin rozwud cikin mataki na biyu har da na Indiya wanda kowa ke amfani da shi, kamfanoni suka rikice, a shekarar ne Fender ta koma sa pau ferro a jitocin da take yi a Meziko. Amma a taron Geneva na 2019 an cire kayan kiɗa da aka gama haɗawa daga dokar, ya fara aiki a Nuwamban shekarar, na Brazil ne kawai bai samu sassauci ba. Ke nan gamammiyar jita mai rozwud na Indiya ba ta da matsala. Inda za ka yi hattara shi ne in ɗanyen katakon za a aiko maka daga wata ƙasa, shi har yanzu yana son takardu, haka mahoganin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu tun 2003, kuma daga 2023 an ƙara da kaya na Afirka. Ba wasa ake da abin ba, hukumomin Amurka sun kai samame masana'antar Gibson a 2009 da 2011 kan katakon Madagaska da Indiya a ƙarƙashin dokar Lacey da ta haramta shigo da katakon da aka samo ba bisa ƙa'ida ba, a 2012 aka sasanta kamfanin ya biya tarar dala 300,000, a tsakanin nan har gasasshen mefil suka dinga sa wa a allon wasu jitocinsu.

Ta wajen aiki kuwa, rozwud na da maiƙo a jikinsa, ba ya son folish, sau ɗaya ko biyu a shekara ka ɗan shafa mai ka goge ya isa, kar ka jiƙa shi sharkaf. Pau ferro ya fi shi haske da santsi, ni ban ga abin rainawa a cikinsa ba, sai dai ƙurarsa na sa wasu masu aikin ƙaiƙayi. Eboni, ɗan'uwan kanya, shi ne sarkin tauri, ya haura 3000 a Janka, sumul yake a ƙarƙashin yatsa, amma ba ya shiri da bushewar iska, yana tsukewa har bakin firet ya leƙo ya dinga yankar hannu, wani lokacin ya tsage. Kuma kar ka dage sai baƙi wuluk, lokacin da kamfanin Taylor da Madinter na Sifen suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam a Kamaru a 2011, sun tarar masu sara na kayar da bishiyoyi su bar mafi yawansu a daji suna ruɓewa don kawai cikinsu na da ratsin fari, tun daga nan Taylor suka fara sa mai ratsin a jitocinsu, kuma wallahi ni ya fi min kyau.

Tambaya: Malam ka raba mana gardama. Ni na ce mefil sautinsa kaifi ne mahogani kuma ɗumi, abokina ya ce duk tatsuniya ce, a jitar lantarki fikof ne komai. Waye mai gaskiya?

Amsa: Kai, wannan gardamar ta girme ku duka kuma ba ni zan kashe ta ba, amma ga inda na tsaya. Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, motsin wayar ƙarfe yake ji, ba ya jin katako. Wani makaɗi a Nashville, Jim Lill, ya yi gwaji a 2022, ya ɗaure wayoyi tsakanin teburan aiki biyu, babu wuya babu gangar jiki, ya sa fikof iri ɗaya a tazara ɗaya da ta jitarsa, sautin da ya fito da ƙyar ka bambance su. To abokinka na da babban kaso na gaskiya, matsar da fikof sama ko ƙasa da milimita ɗaya, ko canza wayoyi, ko juya maɓalli ɗaya a amfilifaya, ya fi canjin katako tasiri.

Amma ba a ce wuya ba ya komai ba. Wuya dogo ne siriri, yana rawa, ka kaɗa waya ka taɓa kan jitar da yatsa za ka ji. In rawar wuyan ta zo daidai da wani sauti sai ta shanye ƙarfinsa ya mutu da wuri, shi ne mataccen gurbi da masu bes suka sani sarai, yawanci a wayar G wajen firet na 5 zuwa 7. Helmut Fleischer a Munich ya auna wannan a ƙarshen shekarun 1990. Taurin wuya da nauyinsa da kaurinsa su ke yanke inda gurbin zai faɗo da kuma yadda sauti ke daɗewa, ka ga katako na da hannu, sai dai kaurin da aka fere shi da irin ƙarfen cikinsa ma na da hannu, kuma mefil biyu daga bishiya daban na iya bambanta fiye da yadda kake zato. Abin da ya sa mutane suka haddace "mefil kaifi, mahogani ɗumi" shi ne suna kwatanta Stratocaster ta Fender da Les Paul ta Gibson ne, alhali ɗaya tsawon wayarta inci 25.5 ne ɗaya 24.75, ɗaya fikof mai naɗi ɗaya ɗaya mai naɗi biyu, gadar da wayoyi ke hawa a jikin jitar daban, komai daban, sai a tattara duka a ɗora wa katako. In ido na ganin farin allo kunne ma sai ya ji fari. Ku rufe wa juna ido ku gwada, wanda ya faɗi ya sayi wayoyi.

Tambaya: Na ga wani mefil mai zane kamar harshen wuta da wani mai ɗigo-ɗigo kamar idon tsuntsu, sun tafi da imanina. In sa a wuya?

Amsa: Kyan ɗan maciji ke nan. Wannan zanen da ke walƙiya in ka juya shi a haske jijiyar katakon ce ta yi ta lanƙwasa kamar igiyar ruwa maimakon ta miƙe, abin da ya ba shi kyau shi ne ya rage masa natsuwa. Ana yi kuma da yawa sun zauna lafiya, amma caca ce, in ka nace to a nemi wanda ya daɗe a ajiye, a gasa shi, a sa sandunan kabon, kuma kar a fere shi siriri. Ko kuma ka yi abin da ni zan yi, wuya na miƙaƙƙen mefil mara kwalliya, mai zanen a yanko shi falle a manna a fuskar kan jita ko a yi allon yatsu da shi, inda za a gani. Bayan wuya dai tafin hannunka ne zai rufe shi.

Wanda ya aiko tambaya kan firet na ƙarfe mara tsatsa da na nikel, na gani, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, kuma don Allah ka sake turo hoton, wanda ka aiko duhu ne ban ga komai ba.